Shaidar Silvanus, Ƙafar Sara

Ranar da Silvanus ya zubar da magungunan matarsa a gaban jama'a, Sara tana tsaye a gefensa, hannunta cikin nasa.

Lahadin rufe taron farkawa ce. Coci ya cika har bakin taga, zafin Birnin Kebbi ya fara kankama, kowa da abin fifita a hannu. Tun ranar Juma'a baƙon mai wa'azin da aka gayyato ya ɗora wa Sara hannu a ka, ya yi mata addu'a mai tsawo. Gyambon da ke tafin ƙafarta ta hagu kuwa ya riga ya bushe kafin baƙon ya iso garin. Wata da watanni ta yi tana jelen asibiti ana wanke mata shi, tana haɗiyar ƙwayoyin ciwon suga safe da yamma, ta haƙura da tuwon shinkafa da lemon kwalba. Silvanus ya san wannan duka, don shi yake kai ta a babur. Amma da ya karɓi makirfo bai faɗe shi ba.

"'Yan'uwa, likita ya ce ciwon matata abokin tafiyarta ne har kabari. Ubangiji ya ce a'a. Maman Hope, nuna masu."

Ta cire takalmi, ta ɗaga ƙafa tana dafe da kafaɗarsa. Mutanen gaba suka miƙe suna leƙe. Sai ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa, ya zaro baƙar ledar da take ajiye magungunanta. Ba ta san lokacin da ya ɗauko ta daga ƙarƙashin matashinta ba. Ya ɓare ƙwayoyin, ya watsa a siminti, ya sa takalmi ya murtsuke. Mata suka rangaɗa guɗa, ganga ta ɗauka, wani cikin mawaƙa yana ɗaukar komai a waya.

A hanyar gida, tana bayansa a babur, ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Baban Hope, likita fa ya ce ko gyambon ya warke kada in daina sha."

"Da bakinki kika ce amin."

"Na ce amin. Amma ai..."

"To Allah ya amsa. Me kuma kike nema?"

Ya ƙara wuta, iska ta kwashe sauran maganar.

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya gama gari. Silvanus malamin makaranta ne, wanda a da sai za a jera kujeru a coci ake tunawa da shi. Yanzu sai ga shi ana tsayar da shi a titi ana gaishe shi da hannu biyu. Aka fara kawo masa marasa lafiya har gida. Aka fara raɗe-raɗin cewa a zaɓen dattawan ikilisiya mai zuwa babu mai ja da shi. Ya sayo sabon labule ya rataya a falo.

Sara kuwa ƙishirwa ta dawo mata, irin wadda randa guda ba ta kashewa. Tana sha tana zagayawa, in ta fito sai ta ga tururuwa sun yi layi zuwa inda ta tsuguna. Ganinta ya fara dishi-dishi. Ƙafafunta suka koma kamar na aro, in tana tafiya sai ta ji kamar auduga take takawa.

Sana'arta sarin bandar kifi. Takan shiga mota zuwa Argungu, ta saro tarwaɗa da ƙarfasa wurin wata dattijuwa mai suna Laure, ta kawo kasuwar Birnin Kebbi ta sayar. Sun daɗe tare, har Laure ba ta kiranta da komai sai Saratu. Ran nan Sara tana sunkuye tana jera kifi a kwando, hayaƙin banda yana shiga idonta, Laure ta dafa ta.

"Saratu, tsaya. Mi yas sami ƙahwakki?"

Sara ta duba. Silifas ɗinta ya jiƙe da jini. Wata ƙatuwar ƙayar tarwaɗa ta huda robar ta shige daidai bakin tsohon gyambon. Ba ta san tun yaushe take yawo da ita ba.

"Ke ba ki ji ba?"

"Ban ji ba, Inna."

"Ai shi na abin tsoro." Laure ta zaunar da ita a kan turmi, ta zare ƙayar, ta wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri. "Ɗiyata ta gwada mani ke ga waya, an ce an warkar da ke, an zubar da magani. Allah shi ka warkarwa, mu ma haka munka yarda. Amma wa yay yi maganin in ba shi ba? Ki tahi asibiti yau, kada ki kwana."

Sara ba ta je asibiti ba, don a can akwai 'yan cocinsu masu aikin jinya, kafin ta fito labari ya riga ta gida. A nan Argungu ta shiga wani kemis inda ba a san ta ba, ta sayi ƙwayoyin, ta cusa su a ƙasan kwando. Motar ta ratsa fadamar Zauro da Ambursa, shinkafar rani ta yi kore shar hagu da dama, ita dai tana kallon ɗaurin tsumman da ke ƙafarta yana rinewa.

Kwana kaɗan ta samu tana sha a ɓoye. Wata safiya ta fito daga wanka ta tarar da shi zaune a bakin gado, kwalin maganin a tafin hannunsa. Ta tsaya tana jiran faɗa. Bai yi faɗa ba, kuka ya yi.

"Maman Hope, me na yi miki? Na tsaya a gaban ikilisiya na ɗaukaka sunan Allah a kanki. Yanzu so kike a ce Allah ya yi ƙarya?"

"Ban ce Allah ya yi ƙarya ba. Dubi ƙafar."

Bai duba ba.

"Wannan gwaji ne. Shaiɗan so yake ya ƙwace shaidar. In kika haɗiyi ƙwaya ɗaya kin buɗe masa ƙofa. Ki san fa akwai mutanen da suka tuba saboda ke. In suka koma baya, jininsu a wuyan wa?"

Ya daina cin abincinta. Ya ce azumi yake yi a madadinta. Yakan dawo daga makaranta leɓɓansa a bushe, ya zauna inda za ta gan shi. Da duka ne, da ta san yadda za ta yi da shi, da ta nemi 'yan'uwanta a waya. Amma wa za ta kai wa ƙarar mijin da ke azumi dominta? Ran da ya kusa faɗuwa a tsakar gida, ta dama masa kunu, ta ce ta bar maganin. Ya sha, ya sa mata albarka. Ya ce zuwa Argungu ma ya isa haka, don a can ake hure mata kunne.

Ya sayo mata rufaffen takalmi da safa mai kauri saboda Lahadi. Takan cusa kumburarriyar ƙafar a ciki, ta zauna a layin gaba inda ya ce ta riƙa zama, baƙi suna nuna ta da baki. In an tashi, mata su zo su taɓa zanenta. Da takalmin ya ƙi shiga, sai ya sanar a coci cewa Maman Hope ta keɓe kanta domin addu'a, kada a dame ta.

Daga nan wari ya fara.

Da farko turare yake fesawa a falo kafin baƙi su zo. Da turare ya kasa, wata rana ya ɗauki katifarta ya kai ƙaramin ɗakin baya, inda take tara kwandunan kifi.

"Nan ya fi miki shiru," in ji shi.

Ta gane. Shekaru sun sa ƙaurin banda ya kama bangon ɗakin har cikin siminti. Duk wanda ya ji wani abu daga falo zai ce kifin Maman Hope ne. Ta kwanta tsakanin kwandunan da babu komai a cikinsu, ta ja zane.

Ɗakin kwano ne ba sili, taga ɗaya ƙarama. Da rana ta take, sai kwanon ya riƙa ƙara kamar ana taka shi. Ƙudaje suka san hanya. Da safe Silvanus yakan kawo mata bokitin ruwa da kwanon abinci, ya tsaya daga bakin ƙofa yana numfashi ta baki, ya yi addu'a da ƙarfi, ya shafa man zaitun a jikin ƙyauren, ya tafi. Ita take warware tsumman da kanta, ta wanke, ta mayar. Babban yatsan ne ya fara yin baƙi, na kusa da shi ya bi. Ba ta jin zafi a wurin. A sama zafin yake, a ƙwauri, da zazzaɓin da ke zuwa da la'asar ya kaɗa mata haƙora cikin wannan bazara. Takan dubi ƙafar kamar kayan wani da aka ba ta ajiya.

Bango ɗaya ne tsakaninta da falo. Duk yamma tana jin shi yana ba baƙi labarinta, labarin kuwa yana ta girma. Da farko gyambo ne. Daga baya ya zama har an sa ranar yanke ƙafa. Daga baya ya zama likitan da kansa ya durƙusa ya tuba. Tana jin masu sauraro suna cewa amin, tana korar ƙuda da gefen zane.

Ran Lahadi da yamma 'yarsu Hope takan kira daga Jos inda take karatu. Silvanus ya kawo wayar, ya sa ta a lasifika, ya tsaya.

"Mama, muryarki ta yi ƙasa."

"Azumi ne, 'yata."

"Ƙafar fa?"

Sara ta dubi mijinta. Yana kallon taga.

"Mun gode Allah."

"Ki ci abinci dai, Mama. Ina da jarrabawa, ku sa ni a addu'a."

Sau ɗaya 'yan zumuntar matan coci suka matsa sai sun gan ta. Silvanus ya sa ta yi wanka, ya kamo ta zuwa falo tun kafin su iso, ya lulluɓe mata ƙafafu da bargo, ya kunna turaren wuta. Suka shigo cikin anko, suka yi waƙa, suka yi addu'a. Matar Fasto ce ta zauna kusa da ita. Sara ta ga hancin matar ya motsa, ta ga idonta ya sauka kan bargon, inda ƙudaje suka taru wuri guda suka ƙi tashi. Suka haɗa ido. Matar Fasto ta matse mata hannu, ta ce a hankali, "Allah ya ƙara sauƙi." Ba a yi wa mai azumi wannan gaisuwa. Daga nan ta miƙe ta ce wa sauran su tafi, kada su gajiyar da ita.

Lahadin da ta biyo Silvanus ya dawo ransa a ɓace.

"Me kika faɗa wa matar Fasto?"

"Ban faɗa mata komai ba."

"Fasto ya ja ni gefe yana tambayata. Na ce masa yaƙi muke yi, kuma mun kusa nasara. Ya ce shi ba zai shiga tsakanin miji da mata ba, gida na maigida ne, in dai ci gaba da addu'a." Ya goge zufa. "Saura kaɗan zaɓe, Maman Hope. Ki daure. Bayan nan ko me kike so sai a duba."

"A duba."

"Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa."

Ta gyaɗa kai. Ya fita ya ja ƙyauren. Bai taɓa sa masa kwaɗo ba, bai ga bukata ba.

A kwanakin nan addu'arta ta ƙanƙance. Da can ita ce mai jan addu'a a zumunta, har a gaji da tsayuwa. Yanzu kalmomin sun zube ɗaya bayan ɗaya kamar ganyen rani. Ta daina roƙon warkewa. Ta daina tambayar dalili. In ta farka ta ga haske a taga, sai ta ce, "Yesu, ga ni nan." In zazzaɓi ya sake ta, ta sake faɗa. Ba ta jin komai in ta faɗa, ba sanyin zuciya, ba hawaye. Amma ba ta fasa ba, kamar yadda mutum yake yi wa na kusa da shi magana cikin ɗaki ba sai ya waiwaya ya tabbatar yana nan ba. Ba ta taɓa ɗora wa Allah laifi ba. A ganinta ba ƙarfin bangaskiya ba ne. Ta dai san muryar da ta hana ta magani, muryar mutumin da ta yi shekaru tana wanke wa riga ce.

Wata ranar Talata da la'asar, hadarin farkon damina ya haɗu ya ƙi zuba, ta ji sallamar mace a falo. Ta gane muryar. Princess ce, matar wani makaniki, yarinya mai yawan murmushi da ke zama a bayan mawaƙa. 'Yarta ta fari tana da farfaɗiya.

"Baba, tun da aka ɗora ta a kan maganin nan ba ta faɗi ba. Amma mijina ya ce har yaushe. Na kalli bidiyon Mama ya fi a ƙirga. Na ce in Allah ya yi mata, ni ma zai yi mini."

"Zai yi. Kin zo da shi?"

"Ga shi."

Sara ta ji ƙarar leda. Ta ji ƙwayoyi suna kaɗawa cikin roba.

"Abin da za ki fara yi," in ji Silvanus, "shi ne ki nuna wa Allah ba ki da wani madogara sai shi. Haka matata ta yi. Ba wanda ya tilasta mata."

Sara ta daɗe tana kallon kwanon rufi. Ta san yarinyar. Ta taɓa ganinta ta faɗi a harabar coci, dab da murhun da ake dafa abincin biki, sai da aka janye ta daga bakin wuta.

Ta yunƙura ta zauna, ɗakin ya juya da ita. Ta jira ya tsaya. Tsayuwa ba ta yiwuwa, don haka ta sauko daga katifa, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta fara jan gindi. Ta tura ƙyauren da kafaɗa. Simintin tsakar gida ya ɗau rana, yana ƙona mata tafin hannu. Ta ja, ta huta, ta ja. Ƙafar tana biye da ita, tana barin danshi a ƙasa.

Da kanta ta ɗaga sabon labulen. Silvanus yana tsaye, robar maganin a hannunsa, Princess tana durƙushe idonta a rufe. Warin ne ya sa ta buɗe ido.

"Maman Hope, koma ciki," in ji Silvanus, murya ƙasa-ƙasa.

Sara ba ta dube shi ba. Ta miƙe ƙafar a kan ledar falo, ta kama bakin tsumman, ta fara warwarewa. Ya manne, sai da ta fizga. Yatsun sun zama gawayi. Baƙin ya haye tafin ya wuce idon sawu, naman ya buɗe, wani abu fari yana motsi a ciki.

"Ƙanwata, ga ƙafar da kika gani a waya," in ji ta. "Karɓi maganin 'yarki ki mayar jaka. Ki ba ta na yamma a kan lokaci."

Princess ta toshe baki da gyale. Ta miƙe, ta zare robar daga hannun Silvanus, bai hana ta ba. Ta fita da gudu, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

Suka rage su biyu. Silvanus ya zauna a kujera. A ranar ya fara kallon ƙafar.

"Kin kashe ni," in ji shi.

Sara ta jingina da bango ta rufe ido.

Kafin magariba Princess ta dawo da mijinta da wata tsohuwar mota daga garejinsu, da matan zumunta, har da matar Fasto tana kuka. Su ne suka ɗauke ta. A asibiti likita ya duba, ya ɗago, ya tambayi tun yaushe ƙafar take haka, kuma ina aka ajiye matar. Mutum ya kai goma a tsaye, kowa ya sunkuyar da kai. Washegari aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Likitan ya ce da an ƙara 'yan kwanaki, da ba ƙafa kaɗai za a rasa ba.

Hope ta bar jarrabawa ta zo. Laure ma ta zo daga Argungu da farfesun kifi a kwano, ta zauna a tabarma yini guda, ba ta ce na faɗa miki ba. Sara tana kwance tana kallon inda zanen gado ya faɗa ya kwanta shafal. Wani lokaci babban yatsan da babu shi ya yi mata ƙaiƙayi, ta miƙa hannu ta sosa katifa.

Da ta fara zama, Fasto ya zo da dattawa biyu, Silvanus yana bayansu riƙe da filas. Ya rame. Hope ta tashi ta ba Fasto kujera, ta koma jikin taga ta harɗe hannu.

"Mama, mun zo ne a kan maganar gafara," in ji Fasto. "Ɗan'uwanmu ya karɓi horon ikilisiya. An cire sunansa daga zaɓe, an dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji na wani lokaci. Saura ke ki sake shi a zuciyarki, don gida ya koma gida."

Silvanus ya ajiye filas ɗin, ya durƙusa a gefen gado.

"Maman Hope, abin da ya faru ya riga ya faru. Ki yafe."

"Na yafe," in ji Sara.

Dattawan suka sauke ajiyar zuciya. Ɗaya ya ce, "Madalla, mace ta gari ke nan."

"Sai dai ina so a faɗa mini abin da na yafe."

Dattawan suka dubi juna. A gadon kusa wata tsohuwa ta daina tauna.

"Ai Mama, kuskure ne irin na ɗan Adam," in ji dattijo na farko.

"Wane kuskure?"

"Himma ce ta yi yawa," in ji na biyu. "Kishin Allah ne ya wuce gona da iri."

"Shaiɗan ba ya son ci gaban ikilisiya," in ji Fasto. "Dukanmu ya ruɗe mu."

Sara ta juyo da kanta wajen mijinta. Ba fushi a fuskarta. Jira kawai take yi, irin jiran mai kaya a tasha.

"Baban Hope, kai nake saurare."

Ya dubi Fasto, ya dubi filas.

"Ni dai Allah ya sani, don ɗaukakarsa na yi."

Ta ci gaba da kallonsa. Fasto ya gyara murya ya ce a sunkuyar da kai. Ya yi addu'a mai tsawo, mai daɗin ji. Ya ambaci gwaji, ya ambaci tsanani, ya ambaci hanyoyin Allah da suka fi ƙarfin sanin mutum. Bai ambaci leda ba, bai ambaci ɗakin baya ba, bai ambaci ranar da matarsa ta dawo gida ta faɗa masa abin da hancinta ya ji ba. Aka ce amin. Sara ma ta ce amin. Suka yi mata sannu suka fita, kowa fuskarsa a sake kamar an sauke kaya.

Hope ta dawo ta zauna a kujerar. Ta daɗe tana murza bakin zanen gado.

"Mama, bayan wannan duka, har yanzu kina iya cewa amin?"

"Ba Allah ne ya taka mini magani ba, Hope."

"To yana ina lokacin da kike ruɓewa?"

Sara ta juyo ta dube ta.

"Yana ɗakin kifi," in ji ta. "Shi kaɗai ne bai tsaya daga bakin ƙofa ba."

Hope ta kifa kai a katifa. Sara ta ɗora mata hannu a ka, idonta a bushe, ta ce ta duba ko lokacin allura ya yi.

Da aka sallame ta, gidan dai ta koma, don babu wani. Kifi ya tsaya, mai sanda biyu ba ta hawa motar Argungu da kwando. Hope ta rasa shekarar karatu. Kafin a girbe shinkafar damina wa'adin horon Silvanus ya cika, aka karɓe shi da tafi, aka ce ya nuna tawali'u. Masu zuwa gaisuwa sukan fara tsayawa a falo su jajanta masa, su yaba masa da bai gudu ya bar mace mai ƙafa ɗaya ba, sannan su leƙa su ce wa Sara ta ƙara haƙuri, ta riƙe mijinta da kyau.

Har yau in maganar ta taso a unguwa, cewa ake yi Allah ya jarrabi gidan Malam Silvanus. Gidan, in ji su. Ƙafa ɗaya dai aka binne a bayan asibiti, kuma ba tasa ba ce.